Darasi na Tara: Tsara Teburin Masu Amfani da Dokar Rukuni a Kan Uwar Garken Tashoshi

Uwar garken tashoshi kwamfuta ce guda ɗaya mai ƙarfi wadda mutane da yawa ke aiki a cikinta a lokaci ɗaya, kowa yana zaune a gaban nasa allon, alhali buɗe manhajoji da lissafi da ajiye fayiloli duk a cikinta suke gudana. Na'urar da ke gaban mai amfani, wadda ake kira tasha, aikinta bai wuce biyu ba: ta aika da abin da aka danna a madannai da motsin linzami, ta karɓo hoton abin da ya kamata ya bayyana a allo. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da ta gaza ɗaukar sababbin manhajoji tana iya zama tasha ta ƙara shekaru tana aiki. Kamfanin Microsoft ya fara sayar da wannan tsari a 1998 cikin wani nau'i na Windows NT 4.0, bisa fasahar da ya karɓo daga kamfanin Citrix, sannan da fitowar Windows Server 2008 R2 a 2009 ya sauya masa suna zuwa Remote Desktop Services, ko da yake masu gyara ba su daina kiransa da tsohon sunan ba. Yaren da tasha da uwar garke ke magana da shi shi ne RDP, wanda ke bi ta ƙofa mai lamba 3389. Duk wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, akan buɗe masa abin da ake kira zama, wato keɓaɓɓen filin aikinsa a cikin uwar garken, kuma fuskar da yake tararwa da zarar ya shiga, mai ɗauke da alamomin manhajoji da hoton baya da maɓallin farawa, ita ake kira tebur.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina da suka haɗa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta tarayya, suna cikin wuraren da wannan tsari ya dace da su. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, riƙe linzami da buga rubutu suka zama dole ga mai neman shiga jami'a, kuma manyan da ke zuwa ajin yamma, daga 'yan kasuwa zuwa malaman firamare da ma'aikatan sakatariya, su ma buƙatarsu ta ƙaru. Cibiyar da ke son zaunar da mutum ashirin ko talatin ba kasafai take da kuɗin sababbin kwamfutoci talatin ba, balle wutar da za ta riƙe su, amma tana iya ɗora uwar garke ɗaya a kan inbata da batir, ta haɗa ta da kwamfutoci na hannu ta waya. Wannan haɗi na cikin gida bai dogara da intanet ba, abin da mutanen yankin suka san darajarsa tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, saboda matsalar 'yan bindiga. Sai dai cin tuwo a kwano ɗaya yana da sharaɗinsa, domin wanda ya ɓarar da miya ya ɓarar wa kowa. Idan ɗalibi ɗaya ya cika rumbun ajiya da finafinai, ko ya shigo da manhaja mai cuta daga filasha, ajin duka ne zai tsaya. Da Dokar Rukuni ake kafa wannan sharaɗi.

Dokar Rukuni da inda take zaune

Dokar Rukuni, wadda sunanta a allo “Group Policy”, ta zo tare da Windows 2000, kuma hanya ce ta rubuta saiti sau ɗaya a wuri ɗaya, ya hau kan mutane da kwamfutoci masu yawa ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Tana aiki ne a cikin domen, wato gungun kwamfutoci da asusun mutane da ke ƙarƙashin iko ɗaya, waɗanda sunayensu ke rubuce a rajistar da ake kira Active Directory. Kwamfutar da ke riƙe da wannan rajista, ta tantance kalmar sirri, ta raba dokoki, ita za a kira magatakarda a wannan darasi. Ana kasa domen gida-gida, kowane gida ana kiransa “Organizational Unit”, a nan kuma za a ce masa unguwa, domin kamar unguwar gari, wuri ne da ake tara waɗanda ake son doka ɗaya ta shafa. Dokokin kansu ana rubuta su a kundi, kundin yana ajiye a jakar SYSVOL ta magatakarda, kuma ba ya aiki sai an rataya shi a wata unguwa, ko a rukunin gine-gine, ko a domen ɗin baki ɗaya.

Kowane kundi kashi biyu ne. Kashin kwamfuta yana hawa kan na'ura tun lokacin kunna ta, ko da wa zai zauna a kanta, shi kuwa kashin mai amfani yana hawa kan mutum lokacin da ya shiga, kuma yana bin sa duk kwamfutar da ya je. Bayan haka kwamfutoci kan koma su duba ko an sauya wani abu duk minti 90, da ƙarin jinkirin da bai wuce minti 30 ba, don kada su taru wa magatakarda a lokaci guda. Idan kundaye da yawa suka shafi mutum ɗaya, ana karanta su a jere: dokar cikin kwamfutar kanta, sai ta rukunin gine-ginen da take ciki, sai ta domen, sai ta unguwa, kuma inda suka saɓa, ta ƙarshe ce ke tsayawa. Wato a nan maganar mai unguwa ce ke rinjayar ta hakimi, sai fa idan an sa wa dokar sama alamar “Enforced”, wadda ke mayar da ita maganar da ba mai tayar da ita daga ƙasa.

Matsalar mutum ɗaya a wuri biyu

Saitin tebur kusan duka yana cikin kashin mai amfani, kuma a nan ne wahalar uwar garken tashoshi take. A ɗauki misalin wata cibiyar koyar da kwamfuta a garin Faskari, inda malama ɗaya take da kwamfutar ofis ta kanta, kuma takan shiga uwar garke da asusunta don duba aikin ɗalibai. Idan aka rataya dokar kulle tebur a unguwar da asusun malamai yake, dokar za ta bi malamar har ofishinta, ta hana ta ganin rumbun kwamfutarta da sauya firinta. Idan kuma aka rataya ta a unguwar da uwar garke take, babu abin da zai faru ko kaɗan, domin a unguwar nan kwamfuta ce ke zaune, kwamfuta kuwa kashinta kawai take karantawa, ta tsallake na mai amfani. Masu koyo da yawa sun ɓata yini guda a kan wannan, suna ta sake rubuta dokar da tun farko daidai take.

Maganin shi ne wani saiti da ake kira “loopback”, wanda ma'anarsa a aikace ita ce bin dokar wuri. Mai shiga kasuwar Sheme ranar cinta, ko daga Yankara ya zo ko daga Funtuwa, ko attajiri ne ko dillali, inda aka ware wa shanu nan zai kai shanunsa, domin tsarin na kasuwar ne. Haka wannan saiti yake sa uwar garke ta ce wa duk mai shigowa: dokar mai amfani da aka rataya a unguwata ita za ta hau kanka muddin kana cikina. Da ya fita ya koma kwamfutarsa, sai ya koma kan dokarsa ta asali.

Saitin yana da salo biyu. A salon haɗawa, “Merge”, ana fara ɗora wa mutum dokokin unguwarsa, sannan a ɗora na unguwar uwar garke a kai, inda suka saɓa na uwar garke su yi rinjaye. A salon musanyawa, “Replace”, ana ajiye dokokin unguwar mutumin gefe ɗaya, a yi aiki da waɗanda suka shafi uwar garke kaɗai, wanda ya haɗa da duk kundin da aka rataya a kan domen baki ɗaya, tunda uwar garken ma a ƙarƙashinsa take. Ga cibiyar koyarwa musanyawa ta fi, saboda tana sa tebur ya zama iri ɗaya a gaban kowa, kuma idan abu ya lalace, wurin bincike kaɗan ne. Farashinta shi ne duk abin da mutum ya saba samu daga unguwarsa, kamar haɗi da firintar ofis, sai an sake rubuta shi a unguwar uwar garke.

Yadda ake kafawa

Matakin farko shi ne a ƙirƙiri unguwa ta musamman, a mayar da uwar garken tashoshi cikinta ita kaɗai. Wannan ya zama dole domin duk kwamfutar da ta shiga domen tana fara sauka a jakar “Computers”, wadda ba unguwa ba ce kuma ba a iya rataya mata kundi. Ba a so magatakarda da uwar garken tashoshi su zama abu ɗaya, don kada ɗalibai su riƙa zama a cikin kwamfutar da ke riƙe da makullan kowa. Cibiyar da ƙarfe ɗaya gare ta tana iya raba shi gida biyu da manhajar Hyper-V, kasancewar lasisin Windows Server Standard ya halatta kwamfutoci biyu na cikin manhaja a kan ƙarfe ɗaya.

Daga nan a buɗe allon kula da dokoki ta hanyar rubuta gpmc.msc, a ƙirƙiri kundi biyu a wannan unguwa. Na farko abin da zai ɗauka shi ne saitin kwamfuta, ciki har da bin dokar wuri, wanda ake samu ta bin “Computer Configuration”, sai “Policies”, sai “Administrative Templates”, sai “System”, sai “Group Policy”, a zaɓi “Configure user Group Policy loopback processing mode”, a kunna shi, a zaɓi salo. Na biyu shi ne kundin tebur, wanda zai ɗauki duk saitin mai amfani. Raba su biyu yana da dalili: na farko kwamfuta yake nema, na biyu mutane, kuma ba dukkan mutane ba.

Mai kula da tsarin da ya manta da wannan batu na ƙarshe kansa zai fara kullewa. Dokar wuri ba ta san babba ba, kuma wanda ya hana buɗe allon umarni da allon saiti ga duk mai shiga, zai shiga washegari ya tarar shi ma an ɗaure masa hannu. Ana kauce wa haka ta shafin “Delegation” na kundin tebur: a danna “Advanced”, a zaɓi rukunin masu kula, a sa alamar hani a kan izinin “Apply group policy”. Wata hanyar ita ce a cire rukunin “Authenticated Users” daga masu karɓar dokar, a sa rukunin ɗalibai a madadinsa. Mai bin wannan hanya ta biyu ya san cewa tun gyaran tsaro mai lamba MS16-072 da Microsoft ya fitar a watan Yuni na 2016, kwamfuta ce ke ɗauko wa mutum dokarsa da nata izinin, don haka dole a bar wa rukunin “Domain Computers” izinin karanta kundin, in ba haka ba dokar za ta yi shiru ba tare da wani saƙon kuskure ya fito fili ba. Ɗaliban kuma sai an sa rukuninsu cikin “Remote Desktop Users” na uwar garken kafin ta bar su su shiga.

Abin da ake sawa a kundin tebur

Saitin da ke cikin “Administrative Templates” sun kai dubbai, kuma jarabar sabon mai kula ita ce ya kunna duk wanda sunansa ya fara da hani. Wannan kuskure ne a wurin koyo. Dattijon da ya zo ajin yamma don ya iya aika takarda da kansa yana buƙatar ya koyi ƙirƙirar jaka da sauya sunan fayil da danna linzami ta dama, kuma idan aka toshe waɗannan, zai kammala wata uku ya je gaban kwamfutar ofis ya ga kamar bai taɓa ganin irinta ba. Abin da ya cancanci kullewa shi ne wanda ɓarnarsa ke shafar maƙwabci. A cikin wannan akwai hana shiga allon saiti, da hana buɗe allon umarni, da hana taɓa rajistar Windows, da cire akwatin “Run” daga maɓallin farawa, da ɓoye rumbun C tare da hana buɗe shi, waɗanda biyun ke ƙarƙashin “File Explorer”. Ana kuma cire maɓallin kashewa da na sake kunnawa, ko da yake a Windows Server ɗalibi mai asusu na talaka ba shi da ikon kashe na'urar tun asali; haɗarin gaske yana zuwa ne daga cibiyoyin da, don gudun ƙorafi, suke ba kowa matsayin mai kula.

Hoton bayan tebur ana kafa shi da “Desktop Wallpaper”, a ba shi hanyar fayil da kowane ɗalibi ke da izinin karantawa, sannan a hana sauya shi daga sashen “Personalization”. Cibiya tana iya amfani da hoton ta rubuta jadawalin aji ko gargaɗin a riƙa adana aiki. Akwai wani saitin daban, “Enforce Removal of Remote Desktop Wallpaper”, mai cire hoton don rage nauyin sadarwa, kuma wanda ya kunna su biyun zai ga baƙin allo ya yi zaton hotonsa ne ya lalace. A ɗakin da tashoshi ke haɗe da waya, nauyin hoton bai kai abin damuwa ba. Kulle allo idan mutum ya tashi yana buƙatar saiti fiye da ɗaya a tare: a kunna labulen allo, a sa masa neman kalmar sirri, a rubuta tsawon jira da daƙiƙa, inda 600 ke nufin minti goma.

Alamomin manhajoji a kan tebur da firinta da rumbun aji na bai-ɗaya sun fi sauƙin kafawa ta ɓangaren “Preferences”, wanda ya shigo tare da Windows Server 2008. Bambancinsa da doka ta ainihi shi ne yana shimfiɗa abu ne ba tare da ya hana mutum taɓa shi ba, kuma yana iya zaɓen wanda zai ba: 'yan ajin lissafin kasuwanci su ga Excel da jakar darasinsu, masu shirin jarrabawa su ga manhajar gwaji. Ba a ajiye kalmar sirri a wannan ɓangare. Microsoft ya rufe wannan ƙofa a watan Mayu na 2014 bayan ya tabbata cewa duk mai asusu a domen yana iya warware ta.

A nan ne kuma ake gyara abin da ya shafi harshe da ƙasa. Sashen “Regional Options” yana sa kwanan wata ya fara da rana kafin wata, alamar kuɗi ta zama naira, don kada takardar da aka rubuta 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Windows yana da tsarin madannai na Hausa mai lamba 00000468, wanda ke ba da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ana iya ɗora shi wa kowa ta rubuta lambar a reshen “Keyboard Layout\Preload” na rajistar mai amfani. Sai dai uwar garke ta saba ɗaukar tsarin madannan tashar da aka shigo da ita, don haka idan tashoshin na Ingilishin Amurka ne, zaɓin Hausar zai riƙa komawa baya har sai an kafa ƙimar IgnoreRemoteKeyboardLayout a rajistar uwar garken. Ƙaramin aiki ne, amma shi ke raba ɗalibin da zai rubuta “ƙasa” da wanda zai rubuta “kasa”.

Fayiloli, zama, da ɗaukewar wuta

Idan aka bar kowa yana ajiya a tebur da jakar takardu ta asali, komai yana taruwa a rumbun C na uwar garke, ranar da ya cika kuwa ba mai iya shiga. Saitin “Folder Redirection”, wanda ke ƙarƙashin “Windows Settings” na kashin mai amfani, yana karkatar da waɗannan jakunkuna zuwa wani rumbu dabam, misali \\GARKE1\Takardu$, inda alamar dala a ƙarshe ke ɓoye jakar daga masu leƙe, kuma kowane ɗalibi yana samun tasa jakar da sunansa. Akwai akwatin zaɓi mai ba ɗalibi iko shi kaɗai a kan jakarsa, wanda yake zuwa a kunne. Cibiyar da ke son malamai su duba aiki sai ta kashe shi tun kafin ɗalibai su fara shiga, ta tsara izini da hannu. Saitin karkatar da jakunkunan ba ya kama aiki sai mutum ya fita ya sake shiga.

Batun zama shi ne inda yanayin Sabuwa ko Ƙanƙara ya bambanta da abin da littattafan ƙasashen waje suka saba zato. Idan wuta ta ɗauke, tashoshi sukan mutu nan take, amma uwar garke da ke kan batir tana nan da ranta, kuma zaman kowane ɗalibi yana nan a cikinta a matsayin yankakke, wasiƙar da bai adana ba tana buɗe a layin da ya tsaya. Da an tayar da janareta ya sake shiga, zai tarar da ita kamar yadda ya bar ta. Wannan ita ce babbar fa'idar tsarin, kuma saiti ɗaya na iya kashe ta. A ƙarƙashin “Remote Desktop Session Host” akwai “Session Time Limits”, inda ake yanke tsawon lokacin da yankakken zama zai yi kafin a rufe shi, rufewar kuwa tana tafiya da duk abin da ba a adana ba. Minti biyar ko goma, da wasu ke zaɓa don sauƙaƙa wa na'ura, ba su isa a nemo mai a tayar da inji ba. Barin sa ba iyaka kuma yana sa zaman 'yan safe ya ci gaba da cin ma'ajiyar aiki har 'yan yamma su zo. Awa biyu ko uku ya fi dacewa. Zaman da aka bari ba a taɓa ba shi ma ana sa masa iyaka, kuma wanda ya san ajinsa zai sa ta ta zarce tsawon fita sallar La'asar, ya kuma bar “End session when time limits are reached” a kashe, don cikar lokaci ta yanke zaman kawai maimakon ta rufe shi.

Komawa cikin tsohon zama ya dogara ga saitin da ke taƙaita kowane asusu ga zama ɗaya, kuma wannan saiti yana tona asirin wata al'ada da ta yaɗu, ta buɗe asusu guda mai suna “dalibi” a rubuta kalmar sirrinsa a allon bango. Mai kujera ta huɗu yana tsakiyar rubutu, sai wani ya zauna a kujera ta goma sha ɗaya ya shiga da sunan nan. Nan take allon na farko zai koma shafin shiga, takardarsa kuma ta bayyana a gaban na biyu. Wasu kan magance wannan da kashe taƙaitawar, sai kuma bayan ɗaukewar wuta kowa ya rasa wane zama ne nasa. Asusu ɗaya ga mutum ɗaya shi ne gyaran, ko aƙalla asusu ɗaya ga kowace kujera. Shigowar filasha kuwa ana tare ta da “Do not allow drive redirection”, wanda ke hana rumbunan tasha bayyana a cikin zama, sai a ware kwamfutar malami guda mai rigakafin cuta ta zama ƙofar karɓa da ba da fayil.

Gwaji da iyakar dokar

Ba a gwada doka a kan aji. Ana buɗe asusun gwaji a rukunin ɗalibai, a rubuta gpupdate /force a uwar garke, a shiga da asusun daga wata tasha, a duba. Umarnin gpresult /r yana nuna kundayen da suka hau da waɗanda aka tace, gpresult /h kuma yana fitar da cikakken rahoto mai faɗin kundin da ya yi rinjaye a kowane saiti. Tunda an hana ɗalibi allon umarni, mai kula zai ciro rahoton daga “Group Policy Results” a allon kula da dokoki. Idan shiga ta ƙi gaba ɗaya, a fara duba agogo. Tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin kwamfutocin domen da magatakarda, kuma kwamfutoci na hannu sukan zo da ƙaramin batirin agogo da ya mutu, ta yadda kowace ɗaukewar wuta ke mayar da su shekarun baya.

Yawancin saitin tebur labule ne. Ɓoye rumbun C yana kawar da shi daga ido, amma manhajar da ta san hanya tana iya isa gare shi, kuma yaron da ya ƙware zai gano hakan cikin mako. Ƙofa ta gaske ita ce izinin fayiloli na NTFS, da hana kowa matsayin mai kula, da AppLocker, wanda tun Windows Server 2008 R2 yake iya hana duk manhajar da ba a amince da ita ba tashi, ko daga ina aka kawo ta. Ƙofa ta 3389 ba a buɗe ta ga intanet. Raunin da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, wanda aka bayyana a watan Mayu na 2019, ya nuna ana iya shiga tsofaffin nau'o'in Windows ta nan ba tare da kalmar sirri ba. Wannan yana da nauyi na shari'a ma, domin sunaye da lambobin ɗalibai da ke rumbun suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Akwai kuma lasisin shiga, wanda ake saye ga kowane mutum ko kowace tasha: uwar garke tana aiki kwana 120 ba tare da shi ba, daga nan ta fara ƙin karɓar mutane. Inda aji uku ke karɓa-karɓa a kan kujeru talatin, lasisin tasha ya fi araha nesa ba kusa ba.

Aikin gwaji

Masu koyo za su kasu biyu-biyu a kan uwar garken gwaji. Kowane rukuni zai ƙirƙiri unguwar uwar garke da kundaye biyun da aka bayyana, ya kafa hoton baya da hana allon saiti a kundin tebur, amma da farko ya bar bin dokar wuri a kashe, ya shiga da asusun gwaji ya rubuta abin da ya gani. Sannan ya kunna shi a salon haɗawa, ya sake shiga, ya juya zuwa musanyawa, ya kwatanta rahotannin uku. A ƙarshe ɗaya daga cikinsu zai buɗe takarda ya rubuta layi biyu ba tare da ya adana ba, ɗayan ya zare wayar wutar tashar, su jira minti goma su sake shiga, su rubuta a littafinsu ko layukan suna nan, da kuma saitin da ya sa haka.